Mun Diba, Malama

A shekarar dubu biyu da tara na baro Zariya na kama aikin koyarwa a wata kwalejin fasaha da ke kan hanyar Jega zuwa Aliero. Na zo da akwati ɗaya, da kwamfuta laftof, da majigi, da kuma ji da kai wanda ya fi su duka nauyi. Darasin da aka ba ni shi ne yadda zafi ke tafiya a cikin abubuwa, ɗalibaina kuma 'yan aji biyu ne na sashen injiniya. Su arba'in da ɗaya ne, kuma kowa da inda ya fito. Akwai 'ya'yan manoma, akwai 'ya'yan mahauta, akwai wanda ya yi shekara goma a gareji kafin ya tuna da boko, ga kuma 'yan Zuru da 'yan Yawuri. Wasu Turanci ya zauna musu, lissafi ya ƙi. Wasu kuwa lissafi ba ya ba su wahala, amma da na jefa tambaya da Turanci sai su kama ƙirga ƙusoshin silin.

Shugaban sashenmu, Dakta Gidaɗo, dattijo ne mai sanyin magana da kaifin harshe. Ran da ya gan ni ina jan wayoyi ina neman inda zan jona majigi, sai ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Malama Bushra, alli dai bai taɓa cewa a sa mai caji ba."

Na yi murmushi, amma maganar ta ci ni. Abin haushin kuma shi ne gaskiya ya faɗa. A wata na farko sau huɗu kacal majigin nan ya kai ƙarshen darasi. Ko a ɗauke wuta, ko janareta ya yi tari ya mutu, ko mai riƙe da makullin ɗakin janaretan ya tafi ɗaurin aure. In koma gida kaina na sarawa, in yi ta mita ni kaɗai kamar mai faɗa da bango.

Da na ga wutar ba abin dogaro ba ce, sai na sake dabara. Na riƙa ɗaukar kaina bidiyo, minti uku-uku, ina bayani da Hausa, ina sa kalmar Turanci inda ba makawa. In tura wa mutum biyu ta bulutut, kafin azahar ya zagaye wayoyin ajin. Abin ya karɓu, sai dai ba yadda na zata ba. Hausata suke wa dariya. Fa'iza, 'yar wani mahauci a Jega, yarinya mai kai da baki, ita ce ta fara gaya mini a fuska.

"Malama, Hausakki awa ta masu karanta labarai. Komi sai kin ce ne, sai kin ce ce."

Na ce, "Ku kuma komai sai kun ce hwa. Ku yi dariyarku, in dai kuna kallo."

Suna kallon kuwa. Mutum ɗaya ne ban san ko yana kallo ba, wato Waliyyu. Ya girmi yawancin ajin, don ya kai ashirin da takwas. Da safe kabu-kabu yake yi da babur tsakanin Jega da Aliero, sannan ya shigo aji ya zauna can baya kusa da taga, makullin babur a hannu. Ya faɗi wannan darasin bara. Wata biyu ina koyar da shi ban san muryarsa ba, har na sa shi cikin waɗanda na fid da rai da su.

Wata Talata wuta ta yi mana mutunci. Na haska musu wata manhaja da ke zana zafi da launi: inda ke da sanyi shuɗi, inda ya ɗumama rawaya, inda ya yi zafi ja. Na zana akwati cike da kaya masu fitar da ɗumi, muka zuba ido tsakiyarsa tana rikiɗa daga shuɗi zuwa ja, gefe-gefe kuwa ko gezau. Na yi tambayar da na saba yi ba tare da sa ran amsa ba: wa zai gaya mini abin da yake gani?

Daga can baya aka ce, "Rudu na."

Duk ajin ya waiwaya. Waliyyu ne, kuma shi kansa ya yi kamar maganar kuɓuce masa ta yi.

"Mene ne rudu?" na tambaya.

Nan ma aka yi mini dariya, wai malamar zafi ba ta san rudu ba, a ƙasar albasa. Waliyyu ya taso, kuma abin da ya ɗauka, don ƙarin haushi, alli ne. Ya zana gadon itace da kara wanda aka ɗaga daga ƙasa, ya jibga albasa a kai, ya lulluɓe da ciyawa. A ciki ake ajiye albasa bayan an cire ta da bazara, ta yi watanni.

"Haka taka yi, Malama," in ji shi. "Ta baki-baki lahiya lau. Ta tsaka ita ka hwara ruɓewa, don iska ba ta kai mata."

Minti ashirin ya yi yana magana. Kyauta, wani ɗan Zuru da ya fi kowa lissafi, ya taso ya ce rumbunsu ma haka yake yi. Fa'iza ta kawo zancen yadda nama ke lalacewa daga jikin ƙashi. Waɗanda ban taɓa jin bakinsu ba suka shiga gardama a kan inda ya kamata iska ta shiga. Ni kuwa na koma gefe, daɗi ya cika ni har na ji ƙwalla. A raina na ce ina ma Dakta Gidaɗo ya wuce yanzu.

Daga nan aikin ajin ya samo asali. Muka tsara sabon rudu a kwamfuta: ya fi na gargajiya tsawo, da bututun iska da aka saƙa da kara yana ratsa tsakiyarsa daga ƙasa har sama. Manhaja ta nuna cewa jikin bututun nan ne zai fi ko'ina sanyi. Na sa aka sayo mini ma'aunin zafi mai dogayen wayoyi uku, ɗaya ta shiga sama, ɗaya tsakiya, ɗaya ƙasa. Abin da ya rage albasa ta gaske. Waliyyu ya ce mahaifiyarsa tana da ita a ƙauyensu, Kashin Zama.

Inno ake ce mata. Doguwa ce, siririya, mai yawan raha, hannuwanta sun sha ƙasa. Ran da na je, ta shimfiɗa mini tabarma, ta dama mini fura, ta ce ashe ni ce na buɗe bakin ɗanta. "Ubanai in ya hwara zance sai an kira salla. Shi kau, albasa ba ta yi halin ruwa ba."

Uban nasa, Arzika, ya rasu shekara uku da suka wuce. Abin da ya bari wanda Inno ta fi ji da shi ba gona ba ce, wata albasa ce. Shekara ashirin da shida yana zaɓe: duk shekara ya ware kawunan da suka fi ja da ƙarfi da matsattsen wuya, ya adana su har damina ta wuce, ya sake dasa su su yi fure, ya tara irin. Har mutanen garin suna kiranta 'yar Arzika. Waɗanda ya taɓa sam wa sun bari ta gauraya da wasu. Irin albasa kuma ba ya jure ajiya, in ya shekara ya mutu, na bara kuwa duk an shuka shi. Saboda haka duk abin da ya rage na 'yar Arzika a duniya shi ne kwando biyu na kawuna da Inno ta zaɓa bana. In suka kai ƙarshen damina, akwai iri. In suka ruɓe, shi ke nan.

A gidanta muka gina rudun. Da farko albasar kai wa kasuwa kawai ta yarda ta ba mu. Waliyyu ne ya matsa mata, ya ce a sa kwandunan irin a jikin bututu, inda ruwan sama ba ya kaiwa, akuya ba ta kaiwa, kuma kwamfuta ta ce nan ya fi sanyi. Ta dube ni. Da na yi shiru ma da ya isa. Amma sai na ce, "Inna, nan ne na'urar za ta fi sa musu ido."

Sannan na kafa doka. Kada kowa ya buɗe rudun, kada a taɓa albasar, sai in ni na ce. In ana buɗewa ana rufewa, awon zai lalace, ajin ba zai koyi komai ba.

Inno ta ce, "Ni kau duk kwana ukku nika tura hannu har guiwa, in jiya, in hidda wadda ta yi laushi."

Na ɗaga wayar ma'aunin na nuna mata, na ce, "Yanzu wannan ce hannunki, Inna."

Har yau in na tuna wannan maganar sai na ji kunya ta rufe ni.

Kashin Zama a lokacin ba a yin kira. Ko waya ta shiga, kafin a gama sallama ta yanke. Saƙon tes ne kawai ke fita, shi ma sai Waliyyu ya hau wani tudu a bayan gari ya ɗaga waya sama. Ni kuma hakan ya yi mini, don ina son komai a rubuce. Da safe, da azahar, da la'asar, ya karanta lambobi uku ya turo. Da Hausa muke rubutu, ni na ce a yi haka, kuma ina alfahari da shi. Wayoyin ba su da haruffa masu ƙugiya, ba ɗ, ba ƙ, ba ɓ, amma wa ya damu? Kowa ya saba karanta kasa ya gane ƙasa ake nufi.

Sati shida abin yana tafiya kamar an shafa masa mai. In shigar da lambobin, in haska a bango, kafin nan kowa ya rubuta hasashensa a takarda. Fa'iza da Kyauta suka zama abokan hamayya. Tsakiyar rudun tana zaune a digiri talatin da uku, talatin da huɗu, shuɗi mai kyau. Waliyyu ya dawo layin gaba. Sau ɗaya na hango Dakta Gidaɗo tsaye a ƙofa, bai ce komai ba, ni kuma na ɗauki shirun nan a matsayin lambar yabo.

Ƙarshen watan Mayu aka tura ni Maiyama na mako guda, in duba ɗalibanmu da ke koyon aiki a wuraren injin casa da haƙar rijiyoyi. Ran da na isa aka yi ruwan farko mai ƙarfi. Washegari da safe lambar tsakiya ta zo talatin da takwas. Da la'asar arba'in. Na buɗe laftof a kan benci, na shigar, tsakiyar rudun ta yi rawaya tana neman ja. Ban yi wata-wata ba. Abin yi a bayyane yake: a ɗibi albasar da ke tsakiya a fitar da ita, kwandunan iri su sha iska. Na rubuta:

"Waliyyu, zafi ya tashi. Ku dibi albasar tsakiya yau din nan."

Bayan awa ɗaya amsa ta zo: "Mun diba Malama."

Hankalina ya kwanta. Na ce madalla, an ɗiba, irin Inno ya fita. Amma da safe lambar ta zo arba'in da biyu. Tsibin da aka rage ai sauka zafinsa ya kamata ya yi. Na rubuta, "Kun diba kuwa?" Ya ce, "Wallahi mun diba." Na ce, "To ku diba da yawa." Da la'asar ya turo, "Mun diba har sau ukku."

Har sau uku, kuma lambar arba'in da huɗu! Raina ya ɓaci. Na zargi manhajar, na sake lissafin da hannu a bayan takardar wani ɗalibi. Na zargi wayar ma'aunin, na ce ruwa ya shige ta, na tsine wa wanda ya sayo mini ita. Na kira Waliyyu ya fi sau goma, wayar tana gaya mini ba a samunsa. Na zargi sabis, na zargi damina, na zargi wanda ya ga babu lokacin turo ni Maiyama sai yanzu. Mutum ɗaya ne ban zarga ba. Ban kuma tambaye shi inda suka ajiye abin da suka ɗiba ba, tambaya ɗaya tak da za ta warware komai.

Rana ta huɗu ya turo saƙo mai tsawo, abin da bai saba ba: "Inna ta ce tana jin wari. Tana so ta bude duka."

Na tuna sati shida na awo, na tuna fuskar Dakta Gidaɗo. Na ce a raina ai irin ya riga ya fita, warin na 'yan ragowar da suka fashe ne. Na rubuta, "A'a. Ku kara diba kawai. Ban da haka kada a taba komai."

Ya ce, "To Malama."

Ranar Litinin na dawo aji a gajiye, cike da haushi. Kujerar Waliyyu babu kowa. Na haska layin zafin a bango, ya kai arba'in da bakwai, na ce musu ga darasin yau: yadda na'ura ke yin ƙarya. An rage albasa har sau huɗu, amma layi sai hawa yake, don haka ma'aunin ya lalace.

Kyauta ya ce bai yarda ba, don ma'aunin da ya lalace tsalle yake yi, ba ya hawa a hankali haka. Fa'iza ta taso ta je jikin bango, ta ɗora yatsa a kan layin.

"Kyauta, diba nan. Dibi inda yat tashi, ranad da anka yi ruwa ta."

Na juyo da sauri.

"Fa'iza, me kika ce?"

"Cewa niy yi shi diba."

"Ya ɗibi me?"

Ajin ya fashe da dariya, an samu Malama da Hausarta kuma. Fa'iza ta ce, "Ba ɗiba ba, Malama. Diba. Da ido. Abin da kuka ce ma duba."

Na san kalmar. Sau dubu na ji ta a bakinsu, a aji, a kasuwa, a tasha. A kunne ba ta taɓa ruɗa ni ba, don ɗ daban, d daban. A waya ce kawai suka zama abu ɗaya. Na ciro wayata, na miƙa wa Fa'iza. Ta karanta saƙonnin daga sama har ƙasa, dariyar ta bar fuskarta.

"Malama," ta ce a hankali, "ko ni anka turo ma wanga, kallo nika yi."

Ban kashe majigin ba ma. Muka tari kabu-kabu biyu a bakin titi, ni da ita. Hanyar Kashin Zama ta yi laka, sau biyu muna sauka muna takawa. Duk tafiyar addu'a nake yi Allah Ya sa Waliyyu ya saɓa mini, Allah Ya sa Inno ta fi ƙarfinsa. Ban taɓa roƙon a raina maganata ba sai ran nan.

Tun kafin mu kai dangar gidan warin ya tare mu. Waliyyu yana zaune a kan turmi a gindin rudun, da littafinsa a cinya, ƙudaje suna ta kewaya. Ya yi wa ciyawar 'yar kafa kamar faɗin tafin hannu, daidai tsakiya. Ta nan yake leƙawa, sau uku a rana, ya ga na baki-baki ja sumul, ya mayar da ciyawar ya rufe. Inno tana can bakin ɗakinta tana ɓarar gyaɗa. Ta amsa sallamata, amma ba ta tashi ba.

"Waliyyu, buɗe," na ce.

"Duka?"

"Duka!"

Ya waiwaya ya dubi mahaifiyarsa. Ta ajiye ƙwaryar gyaɗar, ta ɗaure zanenta, ta taho.

Na sama lafiya lau suke. Da muka kwashe kamu biyu sai hannu ya fara jin ɗumi, daga nan laushi, daga nan ruwa. Bututun karan ya sha danshi ya lanƙwashe, nauyin albasa ya danne shi ya toshe, tsakiyar ta zama tukunya. Maƙwabta mata suka shigo suna taya mu kwasa, kowace da mayafi a hanci. Albasar kasuwa wajen kashi ɗaya cikin uku ta tafi. Da muka kai ga kwandunan iri, Waliyyu ya kama na farko zai ɗaga, gindinsa ya zube, wani baƙin ruwa ya kwarara masa a ƙafa.

Haushin kwana biyar ya taso mini, kuma maimakon in haɗiye shi, sai na sauke a kan wanda ya fi kusa.

"Kai ba ka da hanci ne? Kai da ka tashi a cikin albasa! Kana jin wannan warin ka zauna kana leƙe?"

Bai ɗaga murya ba. Ya goge hannu a riga, ya ciro wayarsa ya miƙo mini, saƙonnina a jere, bai goge ko ɗaya ba.

"Na jiya, Malama. Tun kwana ukku nika jin shi. Amma ke kic ce a diba, kak a taɓa. Ko sau guda ban saɓa miki ba." Ya nuna mahaifiyarsa da hannu. "Inna ta zaka da kanta za ta yaye ciyawar, nit tare ta. Ni da ban taɓa tare ta ga komi ba. Ta yi min kuka, nic ce mata Malama na ganin abin da ba mu gani. Tun da nike karatu ba wanda yat taɓa tambayata abin da nis sani sai ke. Shi yas sa."

Na mayar masa da wayarsa. Da zagina ya yi da na fi samun sauƙi. Abin da na fi alfahari da shi a duk aikina, wato yardar da ɗalibin nan ya yi da ni, shi ne ya tsaya da ƙafa biyu tsakanin Inno da kwandunanta. Na'urar ba ta yi ƙarya ba, ta gani tun ranar farko. Hancin Inno ma ya ji. Ni ce na ɗaure hannun ɗaya, na kasa karanta ɗayar.

Inno ta sa aka juye kwandunan a kan tsohuwar tabarma a inuwar dalbejiya. Ta zauna ta miƙe ƙafa, ta ajiye faifai a gefe. Ta riƙa tura hannu cikin ruɓaɓɓen, ta ciro kai ɗaya, ta goge da bakin zane, ta danna wuyansa da babban yatsa, ta kai hanci. Yawanci sai ta jefa baya. Jefi-jefi ta ɗora ɗaya a faifai.

Na durƙusa a gabanta na ce, "Inna, ki yafe mini. Laifina ne, ba na Waliyyu ba. Cewa na yi a ɗiba, wayar ta rubuta diba."

Ba ta gane ba, don ba ta yi boko ba. Fa'iza ta tsuguna ta share ƙasa da tafin hannu, ta ɗauki tsinke ta zana d, ta zana ɗ kusa da shi, ta nuna mata bambancin. Inno ta daɗe tana kallon ƙasar.

"Wagga 'yar ƙugiyar ta bisa?"

"Ita ta, Inna," in ji Fa'iza.

"Ita ɗai?"

"Ita ɗai."

"Shekara ashirin da shidda," in ji Inno. Ta koma kan aikinta.

Na ƙirga na faifan da ido: tara. Daga kwando biyu, tara, kuma ba wanda ya san ko nawa ne a cikinsu za su ga ƙarshen damina bayan zafin da suka sha. Saura ɗan tsibi a gefen tabarmar da ba ta kai gare shi ba. Na hango wani kai a ciki mai ja sosai, da alama lafiyayye. Na ji in ban yi wani abu da hannuna ba zuciyata za ta fashe. Na naɗe hannun riga, na miƙa hannu zan ciro mata shi.

Ta tare ni da bayan hannunta, a hankali, ba tare da ta ɗago kai ba.

"A'a, Malama. Diba dai. Kak ki ɗiba."

Na janye hannuna. Na zauna a ƙasa ina kallo har ta gama.